Sola don Tirelar Baba

Shekarar da Baba ya ajiye aikin likita a asibiti ya sayi wata 'yar tirela a hannun wani abokin aikinsa. Ɗaki ne guda a kan tayoyi biyu, da gado, da ɗan tebur, da wurin ɗora tukunya ɗaya, a ɗaura a bayan mota a ja. Ya kafa ta a gefen gidanmu na Upper Marlboro a Amurka, kullum da safe sai ya fita ya goge ta. Umma ta ce mutumin da ya gudo daga ƙauye don ya kwana da fitila, ga shi da tsufansa daji yake nema. Shi dai burinsa ya hau duwatsun Virginia ya kwana inda ba mai kiransa a waya.

Cikas ɗin guda ne. Baba ba ya barci sai da na'urar taimakon numfashi a hancinsa, wuraren da yake marmarin zuwa kuwa ba su da wutar da za a jona. Dole sai sola.

Ni kuma sola ce sana'ata. Injiniyar lantarki ce ni, a lokacin ina aiki da wani kamfani a Gaithersburg mai kafa farantan sola a rufin gidaje da makarantu. Da na ji maganar sai na ce a raina, to, yau dai an zo unguwarmu.

Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Yarinyar nan" nake, har bayan na yi aure. In na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa yana kallon talabijin. In yana son wani abu daga gare ni, sai ya faɗa wa Umma, ita ma da take jin tata kunyar ta faɗa wa bango, ni kuma in ɗauka a bangon. Tun daga yaye aka kai ni wurin kakata a Zariya, can na girma har Allah ya yi mata rasuwa, sannan aka ɗauko ni zuwa Amurka ina budurwa. Na tarar da wani ɗan lukuti da aka haifa a nan ya mamaye gidan. Autanmu ke nan. Yana hawa wuyan Baba, yana tsoma hannu a kwanonsa, a yi masa Hausa ya mayar da Turanci. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, kakata ta sha gaya mini cewa kunyar ita ce son. Amma sani bai taɓa hana ni jin haushi ba.

Ranar wata Lahadi muna cin tuwo, Auta yana zaune a hannun kujerar Baba, ƙato da shi, ya gama jami'a har da gemu. Tarihi ya karanta. Ko ƙwan fitila ne ya mutu a ɗakinsa sai ya kira wani. Sai kawai Baba ya juya wurinsa ya ce, "Auta, wace irin sola kake ganin za mu saya wa tirelar nan?"

Na mayar da lomar da ke hannuna cikin kwano.

Auta ya zaro waya ya shiga latsawa, ya ce ga wata siririya mai lanƙwasa da ake mannawa a rufi, ba nauyi, ba ɗauka ba saukewa, kuma duk waɗanda suka saya sun yaba. Baba yana gyaɗa kai kamar yana sauraron babban malami. Ina zaune a tsallaken tebur, ni da nake hawa rufin mutane da ma'auni a hannu, ba wanda ya ko dubi inda nake. Umma ta turo mini kwanon miya, wai in ƙara. Kishi ne ya kama ni, ba wani abu ba, irin wanda ke sa kunnuwan mutum su yi zafi. Na wanke hannu na ce ina da aiki gobe.

A tsakiyar makon sai ga wayar Auta. Bayan gaisuwarsa ta rabin Hausa ya ce, "Yaya, wai idan hadari ya rufe rana yini guda, batir zai kai na'urar numfashin har asuba? Kuma ɗumama ruwan da take yi, yana ƙara cin wuta?"

Auta bai san na'urar tana ɗumama ruwa ba, ko zai rantse. Wannan tambayar likita ce, an jera ta tsaf, an ba shi ya kawo.

Na ce, "Wa ya aiko ka?"

Ya yi dariya. "Haba Yaya, kin san Dadi."

"Na san shi. Ka ce masa in yana son amsa, ya tambaye ni da bakinsa."

Ba a daɗe ba Umma ta kira. Ba sallama ta ce, "Ke, lafiyarki kuwa? Ubanki ne zai zauna yana hira da ke kamar wata sa'arsa? Ai aiko yaron da ya yi, girmamawa ce."

Na ce, "Umma, a ba ni irin rainin da ake yi wa Auta, na yafe girman."

Ta ce Amurka ta lalata ni, ta kashe wayar.

Na cije a kan bakana, amma ban ji daɗin makon ba. Na san abin da ke jiran wancan faranti na Auta. Wuraren kwana a duwatsun nan duk ƙarƙashin itatuwa suke, kuma kowa inuwa yake nema ya ajiye tirelarsa. Farantin da aka manne a rufi zai yini a inuwa yana hutawa, batir ya ƙare, na'urar ta tsaya, tsoho yana kwance a daji. Ina tuƙi zuwa aiki ina wannan tunanin, in ɗauki waya in ajiye. Duk da haka ban kira ba. Ina so sau ɗaya a rayuwata ya dube ni ya ce, ke, me kika gani?

Ranar Asabar na je gidan bayan la'asar, na ce wa kaina Umma zan kai wa daddawa da kuka da na sayo a Hyattsville. Ta karɓa, sai ta nuna mini taga da haɓa. Baba da Auta suna cikin tirela. Na fita na tsaya a bakin ƙofar na gaishe shi. Ya amsa yana duban batirin da ke ƙarƙashin gado. Can sai ya ce wa Auta ya shiga gareji ya nemo masa tocila. Rana ba ta ma faɗi ba, wai tocila. Auta ya fita yana fito.

Baba ya zauna a ɗan teburin, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sai ya nuna mini kujerar da ke fuskantarsa, ya yi magana da Turanci, irin wanda yake yi da abokan aikinsa in sun zo gida. Ya ce yana neman shawarar ƙwararriya a kan wani al'amari, in ina da lokaci.

Na zauna. Gwiwoyinmu sun kusa haɗuwa saboda ƙanƙantar wurin. Kuma ya dube ni, ido cikin ido. Ban taɓa sanin akwai ɗan tabo a gefen girarsa ta hagu ba sai ranar.

Da Turancin na amsa, don ban ga ta inda zan shigo da Hausa ba. Na ce ya manta da na mannawa. Ya sayi mai naɗewa kamar akwati, na gilashi, wat ɗari biyu, mai ƙafafun tsayawa da doguwar waya mai kauri, yadda tirela za ta zauna a inuwa farantin kuma a kai shi fili, a riƙa juya shi yana bin rana. Na ce ya tabbata akwai na'urar daidaita caji a ciki, ya ƙara batir na biyu mai jure dogon aiki saboda ranar hadari. Na ce ya nemo wa na'urar numfashinsa wayar da ke jonawa kai tsaye da batir, kada ya bi ta inbata mai juya wutar batir zuwa irin ta gida, wuta ta riƙa zubewa a hanya, kuma in yana daji ya kashe ɗumama ruwan. Ya tambayi nauyin akwatin saboda bayansa. Ya tambayi ruwan sama. Tambayoyi masu kyau, ba ko ɗaya ta banza. Ya ce ya gamsu, abin da na faɗa shi za a saya.

Sannan ya ce ya gode ƙwarai, Injiniya, ya gode da lokacin da na ba shi.

Ina shirin in ce wani abu, ban ma san ko mene ne ba, sai ga Auta ya faɗo ciki da tocilar, ya manta ƙofar gajeriya ce, goshinsa ya daki ƙarfen sama har tirelar ta girgiza. Baba ya fashe da dariya, Hausa ta dawo bakinsa nan take.

"Kai, sakarai! Ɗan banza mai ƙaton kai, za ka rushe mini ɗaki! Zo nan in gani."

Ya jawo shi ta kunne, ya sa tafin hannu yana murza masa goshin, yana zaginsa yana dariya, Auta yana ihun ƙarya. Na samu abin da na nema, an tambaye ni, an bi maganata, har an gode mini. Ina zaune a tsallaken ɗan teburin nan, kamu ɗaya tsakanina da su, ina kallon hannun Baba a kan goshin yaron, da za a ce in ba da digirina da aikina a ja mini kunne haka sau ɗaya, wallahi da na bayar.