Garin Rogo a Tankin Baffa

Shekarun da kuɗin mai ya shigo, aka fara kawo tankokin ruwa na faiba, masu kama da roba, yankinmu, ni kaɗai ne mai liƙinsu daga Kazaure har Gwiwa. A Kano na koyo. Gam ɗin ruwa-ruwa yake kamar zuma, sai ka kaɗa masa farar hoda ya yi kauri, ka cike tsagar, ka shimfiɗa zaren faiba a kai. Maigidan da ya koya mini ya ja mini kunne: in babu hodar, a haƙura da aikin. Duk abin da ke shan ruwa kada ya shiga gam.

Wata bazara wani dattijo Bafulatani ya zo daga wajen Roni, tankinsa ya tsage a gindi. Rijiyarsu ta ƙafe, motar ruwa kuwa sai bayan mako biyu take zuwa ta cika masa, kuma jibi za ta zo. Da ruwan nan yake shayar da maruƙa da shanu masu ciki, waɗanda ba za su iya tattaki zuwa dam ba.

Na duba gwangwani, hoda ta ƙare ƙaf. Zuwa Kano yini ɗaya ne kacal. Amma ƙiwa ta hana ni, ga jin kai, wai ba wanda ya fi ni sanin aikin. Na shiga cikin gida na ɗebo garin rogon matata. Fari ne fat, wa zai gane?

Na bi dattijon har rugarsa. A bakin tankin, ya tsuguna yana kallo ina zuba garin a gam. Ya ce, "Ɗana, wannan ba rogo ba ne kuwa?"

Kai! Sai na hau shi da faɗa. "Haba Baffa, ni na taɓa koya maka tatsa? Hodar Turawa ce, haka take." Wallahi shi ya koma yana ba ni haƙuri.

Liƙin ya bushe ƙam, har na ƙwanƙwasa masa ya ji. Aka cika tanki. Kwana shida garin ya sha ruwa ya kumbura, liƙin ya ɓamɓare, ƙasa ta shanye ruwan tas. Dole ya kora dabbobin dam cikin rana. Biyu masu ciki suka kwanta a hanya, ba su tashi ba.

Na yi ta jira ya zo ya zage ni, da na ji sauƙi. Ranar kasuwa sai ga shi da ƙwaryar nono. Ya ce laifinsa ne, shi ya bar shanu suna gogar tankin. Ya roƙe ni in taimaka in sake liƙewa.

Na je Kano na sayo hoda, na liƙe. Liƙin nan yana nan har bayan rasuwarsa. Ban taɓa gaya masa ba, kuma har yau abin yana cin raina. Nonon kuwa a gabansa na sha, yana cewa, "Ƙara mana, ɗana."