Gawar da Aka Hana Iya Ladi Taɓawa

Duk macen da ta rasu a unguwarsu a Matameye, Iya Ladi ake fara aika wa, kafin ma a nemi masu haƙa kabari. Wurin gwaggonta ta koyi wankan gawa tun tana amarya, yanzu har daga Dungu ake zuwa da babur a ɗauke ta. Mace ce mai faɗa, ba ta barin ta-kwana. In ta shiga ɗaki ta tarar an bar mamaciya ba lulluɓi, ko matar liman ce sai ta sha magana. Takan ce mai rai yana da bakin neman gata, gawa ce marainiya.

Mijinta ya rasu a wurin cin rani a Kano, can aka binne shi, har yau ba ta san hannun da ya wanke shi ba, kuma abin yana cin ranta. 'Ya'ya sun watse, sai autarta Basira, mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, take zaune da ita.

Bara bayan girbi aka kira ta ofishin perfe, shugaban gundumarsu. Gwamnati za ta gwada yadda hukumomi za su haɗa hannu in 'yan ta'adda sun saki iska mai guba a cikin jama'a. Ga jandarmomi, ga 'yan kwana-kwana daga Damagaram, ga likitoci da masu unguwa. Jagoran aikin, Komanda Yunus, ya ce za a kewaye wurin da jar igiya, ba mai shiga sai mai rigar roba. Masu rai za a wanke su da ruwa mai yawa, gawa kuma a saka a jakar leda a zuge.

"To, wankan fa?" in ji Iya Ladi.

"Babu wanka, Iya. Gubar tana jikin mamaci da tufafinsa. Wanda ya taɓa, shi ma ya bi."

"A wanke mai rai, a ƙi matacce. Yau na ji sabon salo!"

Liman ya ce larura ce, addini bai ce a halaka mai rai don mamaci ba. Aikin da aka ba Iya Ladi shi ne ta tsaya bakin igiya ta tare mata, don an san in ta ce kul, ba mai ƙetarewa.

Ranar gwaji aka tayar da hayaƙi a filin ƙwallo, jiniya ta ɗauka, waɗanda aka shirya suka zube kamar da gaske. Iya Ladi ta buɗe hannuwa tana korar mata. "Ke, koma! Wasa ne, ba ki da kunne?" Can ta hango masu rigar roba biyu sun ɗaga wata mace. Ta gane ƙafar Basira ce, don ita ta ɗaura mata lalle. Ashe an nemi malaman lakwal su kwanta a matsayin matattu, Basira kuwa ba ta gaya mata ba. Suka saka ta a jaka, suka ja zif har ya rufe fuskarta.

Iya Ladi ba ta san lokacin da ta ƙetare igiya ba. Sai ji ta yi an busa usur, hannunta yana kan jakar, Basira tana ƙyalƙyala dariya daga ciki.

Komanda Yunus ya ƙaraso, bai ɗaga murya ba. "Iya, kin mutu," ya ce. "Ke da duk waɗanda suka biyo ki."

Ta waiwaya. Matan unguwa sun cika cikin igiya, wasu da goyo a baya. Ganin ta shiga ne ya sa suka shiga.

Komanda ya ce ba komai, ai don haka ake gwaji. Mutane suka mayar da abin barkwanci, ana ce mata gawar gwamnati. Ita dai ba ta yi dariya ba. Tsoro ya kama ta, don ta tambayi zuciyarta ko za ta iya tsayawa in abin ya zo da gaske, zuciyar ta ce a'a. Ta ci gaba da wankan gawa, amma duk wadda ta juya, ƙarar zif ɗin nan take ji.

Wata Juma'a da la'asar Iya Ladi ta ce wa Basira ta tsefe kanta, ita za ta wanke mata. Ta dafa ruwa, ta zuba garin ganyen magarya, ta wanke gashin a hankali, ta sake, ta kuma sakewa. Ba hira, ba faɗa, sai leɓɓanta suna motsi. Ta raba gashin, ta kitse, ta mayar da shi baya.

Basira ta kai hannu ta shafa kanta. 'Yar mai wankan gawa ce, ta san gawa ake yi wa irin wannan.

"Iya," ta ce, "kitso uku kika yi mini."

Iya Ladi ta dubi hannuwanta, ruwa yana ɗiga daga yatsu.

"Bar shi haka, auta," ta ce. "In ranar ta zo, sai in iya tsayawa bayan igiya."