Yadda Toos Ta Karɓi Shahon Mijinta

Sjef Verhagen maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Direban bas ne a da, kuma ko yana tuƙi bakinsa ba ya hutawa. Mutanen ƙauye kan ce duk wanda ya hau motarsa zuwa birnin Eindhoven, kafin ya sauka ya san wa ke ciwon baya, wa ya yi faɗa da surukarsa. Da ya yi ritaya sai ya tuna kakansa mafarauci ne da shaho, irin mutanen garin Valkenswaard na da. Ya duƙufa karatu, ya samu izini, ya dawo gida da wata macen shaho mai jan ido, ya raɗa mata suna Barones.

Matarsa Toos ta leƙa rumfar da ya gina a bayan gida, ta ce wannan tsuntsuwa kallon neman rigima take yi wa mutane. Ta kafa masa sharaɗi: kada ta kuskura ta ga mataccen ɗan tsako a firjinta. Sjef ya ce ya ji, ya koma yana ɓoye 'yan tsakin, abincin Barones, a firjin a ƙarƙashin koren wake.

Sai ganye ya zube, ƙasa ta daskare, sannan farautar take daɗi. Da sassafe za ka ga Sjef ya fito da safar fata a hannun hagu, Barones a kai, karensa Pluis yana gaba. Kama ya yi da mafarauci sosai. Matsalar ɗaya ce: sana'ar tana son shiru. Shi kuwa yana tafe yana yi wa Barones bayanin iska da halin zomo, har zomayen su ji shi tun daga nesa su shige rami. Wata rana Barones ta haye ƙololuwar bishiya ta ƙi saukowa. Ya tsaya a ƙasa da tsokar nama yana fito yana lallashi, dusar ƙanƙara ta taru a hularsa, tun hantsi har rana ta karkata. Driek manomi ya zo wucewa a tarakta, ya tsaya ya tambaye shi, tsakaninsa da tsuntsuwar nan wai wa ke horar da wani.

Duk shekara Sjef kan yi alkawarin zomon Kirsimeti daga farautarsa. Duk shekara Toos kan je wurin mahauci tun farkon Disamba, ba ta ce masa komai.

A wani Janairu ya taka ƙanƙarar da ta rufe wani kwari, ta burma da shi, ƙugunsa ya karye. Driek ne ya tsamo shi. Ya ce bai sha wahalar nema ba, muryar ya bi. Barones kuwa tana kan shinge tana gyara fiffike.

Likita ya ce babu fita sai bazara. Ba ciwon ne ya dami Sjef ba, tsuntsuwar ce, don shahon da aka bari a zaune ƙiba yake yi, ya manta da hannun mutum. Ya roƙi Toos. Ta ce abinci kawai za ta miƙa mata, shi ma daga nesa. Bayan 'yan kwanaki na hango ta a lambu da safar mijinta a hannu, ita da Barones kowa ya kau da kai. Ba a jima ba na ga sun nufi gonar Driek tare da Pluis, babu mai cewa uffan.

Kafin azahar ta dawo ta ajiye zomo a kan tebur. Sjef ya dube shi daga kujerarsa, ya ce dace ne, mai farin shiga yakan yi sa'a. Ta sake fita ta kawo wani. Ranar da ta dawo da na gaba ina gidan, na kai masa miyar wake. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya tambaye ta, don Allah me take gaya wa tsuntsuwar.

"Ba na gaya mata komai, tsoho," in ji Toos, tana cire takalmi. "Shi ne dai ba ka taɓa gwadawa ba."

Abin ya sosa masa rai, ba wasa ba. Kwana da kwanaki ba a ji muryarsa ta katanga ba, har matata ta ce in je in duba ko lafiya. Na tarar da shi a bakin taga yana kallon rumfar. Ya ce min shekara da shekaru yana tare da matar nan, bai san tana da irin wannan hannu ba, kuma bai san ko ya yi fushi ko ya yi alfahari ba. Daga baya ya zaɓi alfaharin, ya yi ta yinsa da ƙarfi.

Da sanyi ya zagayo suka fara fita tare. Toos ce ke riƙe Barones. Shi yana dogara sanda, da fulas ɗin kofi a kafaɗa, kuma an yanke masa iyaka a ƙofar gona. Daga can yake kallo. In Barones ta saki hannun Toos ta bi ƙasa-ƙasa kan farin fili, sai ka ga ya damƙe sandarsa yana cije leɓe don kada magana ta kuɓuce masa, har sai Pluis ya yi haushi.

A shagon kofi na bakin coci yakan ce Toos da Barones duk shi ya horar. Toos ba ta taɓa musa masa ba a gaban mutane. Ta dai saya masa firji nasa daban, ta sa aka kai shi rumfa.