Ciyawar da Ta Kashe Tumakin Ban-Yarda

Tun yana saurayi ake ce masa Ban-Yarda, don ko gaisuwa ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Tela ne da can. Da ido ya fara gazawa, ya sayar da keken ɗinki ya sayi tumaki, ya yi musu garke a bayan gida, ƙofa da kwaɗo biyu. Bai taɓa haɗa su da makiyayi ba. Shi ke yanko musu ciyawa a fadama, ya ɗauro a bayan keke.

Wata damina tunkiyarsa mai ciki ta wayi gari tana dalalar da yawu, ciki a kumbure. Kafin azahar ta miƙe ƙafa, ta mutu. Washegari rago ya bi ta.

"Guba aka sa musu," ya ce wa matarsa.

"Wa zai sa musu, Malam? Ko ni ba na shiga garken nan."

"Ke dai kika faɗa."

Ya fara da zargin maƙwabcinsa mahauci, wanda ya taɓa leƙowa ta katanga ya yaba ƙibar ragon. Ya daina amsa masa sallama. Daga nan ya koma kan ƙaninsa, da suka taɓa sa-in-sa a kan gona. Ya zubar da ruwan kwatarniya, ya baza toka a bakin garke don ya kama sawu. Sawun kaji ya kama.

Da ta uku ta faɗi, ƙanin ne ya ɗauko likitan dabbobi a babur. Likita ya farke tumbin ya duba, sannan ya tona tarin ciyawar ya zaro wata mai furen rawaya.

"Tururubi ce, Baba, guba ce. Wa ke yanko musu?"

Ban-Yarda ya kai ta dab da ido, ya daɗe yana juya ta.

"Ni ne," ya ce. Can kuma ya ɗago kai. "To, wa ya shuka ta daidai inda nake yanka?"

"Yaya, ciyawar Allah ce fa!" in ji ƙanin.

Da yamma suka tafi fadamar tare da fartanya. Ƙanin yana nunawa, shi yana tumɓukewa har saiwa, suka tara suka ƙone. Sauran tumakin sun rayu, har suka cika garken. Sai dai a hanyar dawowa, yayan ya tsayar da kekensa.

"Ni kuwa na ga duk inda take ka sani. Ya aka yi?"

Ƙanin ya yi dariya har da tari. Ban-Yarda bai yi ba.