Ranar da na mayar wa Alhaji batirinsa

A daminar da ɗiyata ta kammala karatun kwamfuta, muna zaune a Gummi, a gidan haya mai ɗaki biyu da zaure. Mun baro ƙauyenmu na kusa da Adabka tun lokacin da kwana a can ya gagara, muka bar gona da rumbuna da kaburburan iyaye. Yayyenta maza duk sun bazu neman abinci. Ita kaɗai ta rage mana, kuma ita ke kula da mahaifiyarta, wadda kowa a gidan ke kira Inna har ni, tun da hawan jini ya raunana mata ƙafa ɗaya.

Ɗiyar tawa ta daɗe tana neman aiki ba ta samu ba, har kawunta da ke Kaduna ya ce ta tafi ta riƙe masa shagon cirar kuɗi. Ana cikin wannan magana sai wata ƙungiya mai kai rigakafi ƙauyuka ta nemi ma'aikaci ɗaya da zai zauna a Gummi. Suka ba masu nema gwaji. Kowa aka ba shi taswirar ƙasar nan gaba ɗaya a filasha, ’yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, aka ce ya tsamo garuruwa da rijiyoyi da asibitoci da hanyoyin Anka da Gummi da Bukkuyum, ya aika kafin a tashi aiki ranar Juma'a. In ta ci, ta zauna tare da mu. In ba ta ci ba, sai Kaduna.

Ni karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka da aka ce taswira na zaci zane zan gani. Ta nuna mini ɗan farkon fayil ɗin, sai na ga rubutu ne zalla, layi bisa layi, kowane da wasu alamu kamar kan kibiya a gaba da baya. Ta ce sunan irin wannan rubutu XML. Kowace rijiya, kowane gari, kowace gada tana da nata gurbi, alama ta buɗe shi, alama ta rufe shi. Na tambaye ta ko ƙauyenmu na ciki. Ta ce yana nan wani wuri, sai dai a iske shi.

Kwamfutarta tsohuwa ce, ta hannu, batirinta ya daɗe da mutuwa, ba ta aiki sai a jone. Ta kai ta shagon caji don ta buɗe fayil ɗin gaba ɗayansa. Na bi ta don in gani. Injin ya kama huci kamar jaki ya hau tudu da kaya, ƙasansa ya yi zafi, daga nan komai ya sandare.

“Ta mutu?” na ce.

“Ba ta mutu ba, Baba, ƙwarewa ta yi. Na ba ta lomar da ta fi bakinta.”

A hanyarmu ta komawa ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce kwamfuta tana da wurin ajiya mai faɗi, kamar rumbu, tana kuma da wurin aiki ɗan ƙarami, kamar turmi, shi suke kira ƙwaƙwalwa. Fayil ɗin ya shiga rumbun lafiya, amma ya ninka turmin sau da yawa.

“In anka ce ka sussuke geron rumbu guda, juye shi kake yi duka cikin turmi?”

Na ce wane mahaukaci, ai dami-dami ake ɗauka.

“To haka zan rubuta mata. Ta ɗauko gurbi guda ta duba, in namu ne ta riƙe, in na wata jiha ne ta wuce.”

Ta zauna ta rubuta wa kwamfutar wannan umarni. Da farko abin ya tafi da gudu, wata lamba tana ta hauhawa a fuskar injin. Can sai gudun ya ragu, ya koma tafiyar tsoho, ya sake sandarewa. Ta daɗe tana kallon abin da ta rubuta kafin ta buga cinya. Ashe ta ce wa kwamfutar ta karanta ɗaya-ɗaya, amma ba ta ce mata ta zubar da wanda ta gama da shi ba, sai suka yi ta taruwa har turmin ya sake cika. Da Inna ta ji, ta yi dariya har da tari.

“Ke dai boko ya cuce ki. Wa ka sussuka ba shi shiƙa? Ƙaiƙayin za ki ci?”

“Inna, ke da ko kunna rediyo sai an taya ki!”

Ban sake jin su biyu suna irin wannan dariya a gidan ba.

Ta gyara, wannan karon injin bai yi zafi ba, ya kama tafiya a natse. Matsalar da ta rage ita ce wuta. Aikin yana son wuni guda cur ba yankewa, mai shagon caji kuwa yana kashe janareta duk lokacin da ya ga dama, wutar gwamnati kuma mun manta kamanninta. Maƙwabcinmu Alhaji yana sayar wa makiyaya maganin dabbobi, yana da sola da batura biyu masu riƙe masa firijin allurai. Inna ta yi wa uwargidansa magana, ya aiko da batiri ɗaya da ƙaramar inbata mai juya wutar batirin ta zama irin ta gida, ya ce a yi aiki da su har a gama.

Ranar Alhamis da safe ɗiyata ta jona komai a zaure ta tayar da aikin. Sai ga saƙon rasuwar wata tsohuwa ’yar ƙauyenmu a wata unguwa. Dole Inna ta je, kuma ba ta iya tafiya ba mai riƙe ta. Ɗiyata ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi a hannu.

“Baba, don Allah kada a taɓa komai. Ko kaza kada ta gitta.”

Na ce ta tafi, ni da na yi gadin gona daga birai ba zan kasa gadin akwati ba.

Na zauna a tabarma ina kallon lambar tana ƙaruwa. Tun jiya sama a rufe take, ba ruwa ba rana. Bayan azahar Alhaji ya yi sallama. Muka gaisa, ya tambayi jikin Inna, ya yi mini ta'aziyyar tsohuwar, ya sake tambayar jikin Inna. Idonsa ya sauka kan batirin ya ɗauke.

“Hadarin ga dai ya hana rana fitowa,” ya ce. “Na ga ’yar fitilar firij ta koma ja. Ga shi gobe mutanen ruga za su shigo karɓar allurar shanu.”

Na ce, “Alhaji, bari a kawo maka abinka.”

“A'a, Malam, wallahi ba shi ya kawo ni ba. Gaisuwa na zo.”

Ya tafi. Ni kuwa zama ya gagare ni. A gidanmu an yi mana tarbiyya cewa ba a bari mai abu ya buɗe baki ya nemi abinsa. Idan ya tako ƙafa ya zo, ya yi zancen da ke kusa da abin, to ya gama magana, saura naka. A ƙauye ni ake zuwa aro wurina, garma ko jaki ko buhu, kuma na san yadda nake ji idan na je gidan wanda ya riƙe mini kaya ina zagaye-zagaye. Yanzu ga ni baƙo a garin mutane, ana cewa ’yan gudun hijira sun cika roƙo. Na hango allurar mutane ta lalace saboda mu, na hango yadda za a faɗe shi a majalisa.

Sai na yi wa kaina lissafi da bayanin da ita ta yi mini. Tun da dami-dami injin ke ɗauka, in an tsayar da shi, dami ɗaya ne zai zube. Mace tana ajiye taɓarya ta je ta yi salla, tsabar da ta shiƙe tana nan a ƙwarya. Na ce in ta dawo sai a nemi wata wuta ta ɗora daga inda ta tsaya. Ina da waya a aljihu. Ban kira ta ba, don na ga bai dace a kira mutum a gidan makoki saboda batiri ba. Na zare igiyar. Fuskar injin ta yi baƙi nan take, hucin ya ɗauke. Na ari baro na tura batirin har ƙofar Alhaji, na dawo ina jin na fita kunya.

Sun dawo bayan la'asar. Ta zaunar da Inna, ta juyo, ta tsaya.

“Baba, ina batir?”

Na gaya mata yadda aka yi, har da lissafina. Ta durƙusa gaban kwamfutar ta ɗora hannu a kanta, ta ji ta yi sanyi.

“Lambar ta kai nawa?”

Na ce ban riƙe ba, amma ta yi tsawo ƙwarai.

“Ai kin ce ɗaya-ɗaya take ɗauka,” na ce. “Abin da ta tsamo yana nan, ko?”

“Wanda ta tsamo a tafin hannu take riƙe da shi, Baba. Sai ta kai ƙarshe za ta juye a buhu. Na ga namu ba shi da yawa, ba zai cika ta ba, shi ya sa na bar shi haka. In wuta ta ɗauke, hannun ya buɗe.” Ta ɗauke hannunta daga kan injin. “Ni na rubuta shi haka. Da na sa tana ajiye kowane da ta samu, da ba a yi asara ba. Laifina ne.”

Da ta yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Inna ce ta yi, ta ce tsufa ya zo mini ba tare da hankali ba, ta ce mutuncin da nake tattali a ci shi da miya.

Na koma gidan Alhaji da ƙafata, abin da nake gudu tun farko, na roƙi batirin. Ya riƙe baki.

“Haba Malam! Da ka faɗa mini aikin bai ƙare ba, ai firij in ba a buɗe shi ba yana kai gobe. Mi ya kai ka?”

Ya bayar, amma batirin ya riga ya sha aiki, ba rana kuma da za ta cika shi. Ɗiyata ta gyara umarnin yadda zai riƙa ajiye duk abin da ya tsamo, ta tayar daga farko. Batirin ya ƙare kafin gari ya waye. Abin da aka tsamo bai zube ba, amma karatun fayil ɗin sai an sake faro shi daga farko. Da safe ta kwashi kayan zuwa shagon caji, ta roƙi mai shagon kada ya kashe janareta, ya yi mata wannan alheri. Duk da haka lokaci ya cika aikin bai kai ƙarshe ba. Garuruwa da rijiyoyi sun fito, hanyoyi ba su fito ba, domin su ne a can ƙarshen fayil ɗin. Ta aika abin da ta samu tare da bayani. Masu kai rigakafi kuwa hanya suke nema kafin komai.

Amsa ta zo bayan sati. Sun yaba, sun ɗauki wani.

Ta tafi Kaduna kafin a yanke gero. Ni na raka ta tasha, Inna ba ta iya zuwa ba. Ta ce in riƙa ba Inna magani bayan ta ci abinci, kada in ba ta da yunwa, ta nanata mini har mota ta tashi. Tana kira duk Juma'a, sai dai ba ma yin nisa a magana ake kiranta a shagon, ta ce Baba ina zuwa, layin ya yanke. Hanyar ba ta da aminci, mu da kanmu muke hana ta zuwa.

Wanda ya samu aikin mutumin kirki ne, ɗan Anka, ya kama haya a bayan layinmu. Kullum da safe yana wucewa ta ƙofar zaurena a kan babur, da akwatin allura ɗaure a baya. Yana rage gudu ya ce, “Baba, an tashi lafiya?” Ina amsa masa da lafiya lau, in yi masa addu'ar sauka lafiya, sannan in shiga ciki in taya Inna tashi zaune.