Na Zuba wa Kifayen Baba Ruwan Kanal

Assalamu alaikum Edita. Shekara biyu ke nan wannan magana tana cina a rai, yau dai na ce bari in sauke ta a shafinku ko na samu sauƙi. Don Allah a sakaya sunana.

A lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai. Manomin rani ne ni a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, ina tumatir da shinkafa kamar kowa, amma abin da aka fi sanina da shi kiwon tarwaɗa ne. Tankunan siminti huɗu gare ni a bayan gida, daga kanal ɗin noman rani nake jawo musu ruwa. Duk wanda kifinsa ya fara juya ciki sama a yankinmu, ƙofar gidana yake yi wa sallama. Maganina kuwa ɗaya ne, kuma bai taɓa ba ni kunya ba: a zubar da tsohon ruwa, a tara sabo, a watsa gishiri, a matse shuwaka a zuba. Har likitan kifi ake ce mini, ni kuma na hau na zauna, ina ganin in dai abu na numfashi a cikin ruwa to ba wanda zai gaya mini komai a kansa.

Mahaifinmu tun yana saurayi ya bi motocin kaya zuwa gabas da niyyar aikin Hajji. Guzuri ya ƙare masa a Bor Sudan, ya yi shekara bakwai yana dako a tashar jiragen ruwa kafin ya haye teku. Da ya dawo gida ba labarin da ya fi so kamar na kifayen Bahar Maliya. Yakan ce akwai shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, akwai rawaya kamar ɗorawa, kana tsaye a bakin ruwa kana ganinsu ƙarara. Mutanenmu da ba su san kifi ba sai tarwaɗa da karfasa, dariya suke yi masa. In wani ya shararo ƙarya a majalisa sai a ce wannan ai kifin Alhaji ne. Abin kunya, ni ma da na taso na yi wannan dariyar, har a gabansa. Shi dai murmushi kawai yake yi, ya ce wata rana ma gani.

Tsufa ya zo, hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da ba a gajiya da hirarsa ya koma kwance yana kallon rufin ɗaki, abinci sai da lallashi. Ƙanwata, wadda ke aikin jinya a Abuja, ita ta yi tunanin da duk cikinmu ba wanda ya yi. Ta zo da wani mutum mai sana'ar kifin ado, suka kafa akwatin gilashi a ɗakin Baba daidai inda idonsa ke sauka, da duwatsu da farin yashi da ɗan injin da ke juya ruwa, ta haɗa masa sola da batir saboda halin wutarmu. Mutumin ya kwaɓa wani gishiri na musamman da tataccen ruwa, yana aunawa da wata 'yar na'ura, ya ce sai ruwan ya yi makonni ya zauna kafin a sa kifi. Ya bar jarka biyu na haɗaɗɗen ruwan da takardar bayani. Yana yi mini bayani ina kallon gefe, a raina ina cewa yau ga ɗan birni zai koya wa ɗan kanal ruwa. Takardar ko buɗe ta ban yi ba. Baba kuwa ya yi nuni aka matsar da shi kusa da akwatin, ya tsoma yatsan hagu a ruwan ya kai baki. Ya daɗe yana tsotsar yatsan nan, sai muka ga hawaye na bin kuncinsa.

Bayan wata guda suka dawo da kifi uku: shuɗi, rawaya, da wani ruwan goro mai ratsin fari. Wallahi ni kaina sai da na riƙe baki. Kafin la'asar labari ya zaga gari, tsofaffin abokan Baba suka riƙa shigowa da sandunansu suna salati, gani ya kori ji. A nan ne Baba, wanda ya yi wata takwas bai furta komai ba, ya buɗe baki da ƙyar ya tambaye su ko sun gani. Kalma biyu ce, amma mahaifiyarmu sai da ta yi sujada. Daga ranar ya fara cin abinci, yana zama da kansa, kalmomi na dawowa ɗaya bayan ɗaya. Rawayan nan shi ne ɗan lelensa, da ya kai yatsa jikin gilashi sai ya biyo shi. Ƙanwata ta koma bakin aiki, ta ce Yaya ga amana nan, tunda kifi a hannunka ya kwana.

Kwana goma sha biyu da zuwansu, ana tsakiyar zafin bazara, na ga rawayan ya yi fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masa gari. Yana goga jiki da duwatsu, yana haki, ya daina cin abinci. Baba ma ya ture kwanon kununsa. Na kira ƙanwata ranar Laraba, ta tuntuɓi mai kifin, ta sake kirana. Ta ce ciwon sananne ne, yakan kama su a sabon wuri, kuma yana da magani. Mutumin zai zo ranar Asabar. Kafin nan in ware marar lafiyar a sabuwar roba, in zuba masa ruwan jarkar nan da aka bari, kada in ƙara komai, kada in taɓa ruwan akwatin. Sau uku tana maimaita mini, tana haɗa ni da Allah. Na ce mata to, amma to ɗin bai wuce leɓena ba.

Washegari da hantsi na tsaya a majalisa, sai wani dattijo ya tsokane ni, wai ashe likitan kifi guda, kifi na ciwo a gidansa, yana zaman jiran ɗan birni. Aka kwashe da dariya. Wasa yake yi, na sani, amma maganar ta soke ni. Ga Baba ya kwana bai ci komai ba, ga Asabar ina ganinta da nisa. Ba zan ɓoye ba, akwai tausayin mahaifina a cikin abin da na yi, amma girman kai ya fi yawa. Na ce da kaina kifi ai kifi ne, ruwan gishiri kuwa wane gida ne babu gishiri? Na ɗauki bokitai na nufi kanal. Ina gani da idona wasu masu feshin tumatir suna wanke tankunan maganin feshinsu can sama da ni kaɗan, ban damu ba, don tarwaɗata ta saba shan wanda ya fi wannan ta kwana lafiya. Na ɗebo, na zuba gishirin miya da hannu, na ɗanɗana na ji ya yi, na matse shuwaka.

Da na shiga ɗakin na fara kwashe ruwan akwatin, Baba ya kama hannun rigata da hannunsa mai lafiya. Yana ja, yana girgiza kai, bakinsa na rawa yana neman kalma ta ƙi fitowa. Na ɗauka damuwar kifin ce, ko in faɗi gaskiya, haka na ga dama in ɗauka. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daga rigata, ina ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan aikina ne. Kaico! Mutumin da ya yi shekara bakwai a bakin teku yana hana ni, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ba. Na kwashe fiye da rabi, na tuttula nawa. Ruwan da yake garai-garai ya koma kore-kore. Baba ya miƙa yatsa ya tsoma, ya kai baki, ya tofar.

Ba a yi sa'a guda ba kifayen suka haukace, suna karo da gilashi. Shuɗin, wanda lafiyarsa ƙalau da safe, shi ya fara kifewa. Na ruɗe, na ɗauko jarkokin da na raina na juye, amma bakin alƙalami ya bushe. Kafin kiran azahar mai ratsin fari ya bi shi. Rawayan, marar lafiyar, shi ya fi jimawa, yana kwance a kan yashi yana buɗe baki yana rufewa har la'asar, Baba bai ɗauke ido daga kansa ba. Da na sa hannu na tsamo shi, Baba ya dube ni, ba faɗa a fuskarsa, ya tambaye ni ko na gani. Daga nan ya juya fuska bango. Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya.

Abin da ya fi wannan muni shi ne wanda na yi bayan haka. Ƙanwata ta kira da yamma ina zaune a bakin gadonsa. Na buɗi baki na ce mata batirin ne ya mutu da rana tsaka, injin ya tsaya, zafi ya kashe su. Ta fashe da kuka tana cewa laifinta ne, da ta sani da ta sayi babba. Baba yana ji. Mutumin da aka shekara hamsin ana yi wa kallon maƙaryaci alhali gaskiya yake faɗa, ga ɗansa na fari yana shirga ƙarya a kansa, shi kuma ba bakin ƙaryatawa. Kafin Asabar na wanke akwatin tas, na kira na ce mai kifin ba sai ya wahalar da kansa ba. Da ƙanwata ta zo ta ce za ta sayo wasu, Baba ya ɗaga hannu ya hana. Ita ta ɗauka baƙin ciki ne. Ni na san dalili: ya san a hannun wa za a sake barinsu.

Wata biyar ya ƙara, ya koma kallon rufin ɗaki, Allah ya karɓi abinsa. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, ni ma na yi imani. Amma ɗan farin cikin da ya dawo masa a ƙarshen rayuwa, ni na zubar da shi a kwata da hannuna. Kullum ina cewa gobe zan durƙusa in nemi gafararsa in ba kowa a ɗakin, har goben ta ƙare.

'Yan'uwa masu karatu, iya abu ɗaya ba iya komai ba ne. Wanda ya ƙware a tarwaɗa bai san teku ba, kuma cewa ban sani ba ba ta taɓa kashe kowa ba. In mai sani ya ce ka jira, ka jira, ko ƙaninka ne, ko za a yi maka dariya a majalisa. In tsoho marar baki ya riƙe maka riga, ka tsaya ka dubi idonsa. In kuwa ka riga ka yi ɓarna, kada ka ɗora wa wani ita, don ƙaryar ta fi ɓarnar nauyi, ni na ɗauka na ji.

Ƙanwata ba ta wuce wannan mujalla, na san za ta gane mai maganar tun daga layin farko. Har yau in an ambaci Baba sai ta ce ina ma ta sayi babban batir. 'Yar'uwata, batirinki lafiyarsa ƙalau, shi ne ma yake ba ɗakin Inna wuta har yanzu. Ni ne. Baba ya hana ni, na ɓamɓare hannunsa. Shi na makara, ke kuwa kina raye, don Allah ki yafe mini.