Taki Arba'in da Biyu na Baba Ɗantani

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba 1958, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Ɗantani Wada a gidansa da ke garinmu cikin ƙasar Kiru, bayan jinyar kwana shida. An yi masa sutura kafin azahar. Ya bar matarsa Inna Hauwa, da ɗansa Labaran, da 'yarsa Maijidda, da jikoki da dama. Ya kuma bar ni, Inuwa tela, wanda ba dangin iya ba na baba, amma na fi kowa kuka a maƙabarta har sai da liman ya harare ni. Jama'a na ta tambayar dalili, shi ya sa na ɗauki alƙalami in faɗa da kaina.

Baba Ɗantani, duk wanda ya san ka da ƙafa ya san ka. Ba a yi zaure a garin nan da ka shiga ba ka sunkuya ba. Shekara da shekaru, in 'yan'uwa za su raba gona, ko maƙwabta sun yi rikicin iyaka, dagaci ba ya cewa komai sai "A kira Ɗantani." Ka tattare riga, ka yi bisimilla, ka taka, inda ka tsaya nan ne iyaka. Ba a taɓa jin ka ƙara wa mai ƙarfi taki ba, ba a taɓa jin ka rage wa maraya ba. Ladanka goro ne, wani lokaci ma ko goron babu, sai "Allah Ya yi albarka."

Ni baƙo ne a garin nan. A 1951 na taso daga Bebeji da keken ɗinkina da matata Safara'u, na sayi gida a hannun wani Maikano. Gida dai sunansa gida, amma kango ne, rabin gidan ubansu, ɗaya rabin kuma ƙanensa Surajo ke ciki. Abin da ya ja ni shi ne rijiyar da ke can ƙurya, wadda ba ta ƙafewa ko da rani ya kai rani, alhali matan unguwa sai sun yi tafiya mai nisa kafin su kai rafi. Tun da babu katanga tsakanin 'yan'uwan biyu, aka kira ka. Ka taka daga bakin hanya, taki arba'in da biyu, na ƙarshe ya wuce rijiya da taki ɗaya cif. Aka kafa turke a wurin. Malamin dagaci ya rubuta da ajami: "Taki arba'in da biyu daga bakin hanya, da ƙafar Ɗantani." Ya ce saura malamin awo ya zo daga birni ya auna da sarƙa, a buga hatimi, in karɓi takardata. Ya ce ba zai wuce wata ɗaya ba. Allah Ya ji ƙan malamin dagacin nan, ya rasu tuni, ban riƙe shi da komai ba.

Maikano ya tafi haƙar kuza Riruwai. Damina ta zo, ruwa ya yi gaba da turke. Sai ga Surajo ya yi mini sallama, ya ce shi ba ya nan ranar da aka taka, kuma a saninsa an sayar da gida, ba a sayar da rijiyar ubansu ba. Muka je gaban alƙali. Alƙali ya karanta takardar ajami, ya ce magana a fili take: Ɗantani ya sake takawa a gaban malamin awo da wakilin kotu, inda takin ya tsaya nan ne iyaka. Kafin nan kada wanda ya kafa danga, kowa ya ɗebi ruwa. Na fito ina murmushi, don na san ƙafarka.

Abin da ban lissafa ba shi ne malamin awo ba ya zuwa, kai kuma kana tsufa.

Sau nawa na je ofishin awo na birni, jakin da nake haya ne kaɗai zai iya faɗa. Shekarar farko aka ce kogi ya cika, babu hanya. Ta biyu aka ce an yi wa malamin canjin wuri, sabon bai san zancen ba. Ta uku suka ce gara ta ci gefen da sunana yake, sai na kawo shaidar cewa ni ne ni. Na kawo, suka ce mai duba shaidar ya tafi hutu. Kullum a sallame ni da "Ka dawo bayan salla," ba a faɗa mini wace sallar ba.

Da kakar shekara ta uku na ce ka zo mu gwada, don hankalina ya kwanta. Ka taka. Na arba'in da biyu ya sauka daidai bakin rijiya, bai wuce ta ba. Na tsaya ina kallon ƙasa, gumi na karyo mini. Ashe ina zaune gidana yana raguwa. Ba ɓarawo, ba gobara, gwiwar dattijo kawai.

Daga ranar na ɗauki ƙafafunka amana. Kowace ranar kasuwa sai na sayo ƙafar sa, Safara'u ta wuni tana dafawa, in kai maka a akushi, don an ce abin da ka ci shi yake ƙarfafa irinsa. Na riƙa zuwa da man shanu ina murza maka gwiwa da hannuna, abin da ban taɓa yi wa mahaifina ba. Na ɗinka maka buje, wando mai faɗin da mutum biyu za su kwana a ciki, don kada ya riƙe maka taki. In na hango ka za ka tsallake kwata sai gabana ya faɗi, in bar ɗinki in bi ka ina cewa "Baba, a hankali." Har mutanen gari suka sa mini suna Inuwar Ɗantani.

Surajo ba wawa ba ne, ya gane. Shi kuma sai ya ɓullo ta tasa hanyar. Ya ba ka aron jakinsa, wai bai kamata dattijo kamarka ya riƙa yawo a ƙasa ba. Ya shimfiɗa maka tabarma mai laushi a ƙofar gidansa, ga matashi, ga tuwo mai nauyi da rana tsaka, don ka ci ka miƙe ka manta da tafiya. Kai kuwa, Allah Ya gafarta maka, ba ka mayar da na kowa ba. Ka ci farfesuna da safe, ka hau jakin Surajo da yamma. Na yi maka ƙorafi, ka ce, "Inuwa, ƙafa biyu Allah Ya ba ni. Ka kula da ta dama, Surajo ya kula da ta hagu, sai a zauna lafiya."

Amma akwai ranar da na ga fushinka, kuma na cancanta. Ina murza maka gwiwa na sassauta murya na ce, in ranar ta zo, ka ɗan buɗa ƙafa, kamar mai tsallake kududdufi, ba wanda zai gane. Ka janye ƙafarka daga hannuna. Ka ce, "Yaro, ƙafar nan za ta yi magana ranar da baki zai yi shiru. Ba zan je gaban Ubangiji da takin da ba nawa ba. Ɗauki akushinka." Kwana uku ba ka amsa gaisuwata da kyau ba. Daga baya na ji Surajo ma ya roƙe ka ka ɗan tsuke, ka mayar masa da jakinsa a ranar. Da muka tuba ka ci gaba da cin na kowa.

Ga abin da ba zan manta ba har in mutu. Da ka ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ba ka shawarci kowa ba, ka ɗauki gora da sanda ka nufi Riruwai neman Maikano, don ya zo ya faɗi abin da ya sayar. Ka bi ta Tudun Wada, ka ratsa daji har Doguwa, kwana biyar a ƙasa, kana shan ruwan da ka samu. Ka tarar Maikano ya yi gaba, ba wanda ya san inda ya nufa. Da ka dawo, maimakon in yi godiya, sai na dubi ƙafafunka na ce, "Baba, ka san takin da ka ƙarar a banza kuwa?" Ka yi dariya har da tari. Ni yau in na tuna kunya nake ji. Da shekara ta zagayo kurkunu ya fito maka a ƙafar dama, wato tawa, ya kwantar da kai wata uku. A cikin watannin nan ne, bayan shekara huɗu ana jira, malamin awo ya iso a kan kekensa. Ya leƙa ɗaki ya gan ka kwance, ana naɗe kurkunu a tsinke. Ya ci kazar da na yanka masa, ya buɗe littafi ya rubuta cewa ma'auni ba shi da lafiya, ya hau keke ya koma. Sai da na sake bin layi daga farko.

Sai watan jiya wani sabon malamin awo ya zo, tare da wakilin alƙali. Duk garin ya taru, har mata suna leƙe ta saman danga. Ka fito cikin bujen nan, ka miƙa wa Labaran sandarka, ka ce ranar farko ba da sanda ka taka ba. Ka yi bisimilla. Dagaci na ƙirgawa da ƙarfi, jama'a na amsawa. Tun daga na ashirin na daina duban ƙafarka, na koma duban rijiya, ita kuwa kamar ja da baya take yi. A na talatin gwiwarka ta fara rawa. Ka tsaya ka yi numfashi, ka ci gaba, ba ka buɗa ba, ba ka tsuke ba. Na arba'in da biyu ya sauka saura taki biyar a kai rijiya.

Ka dubi malamin awo ka ce, "Malam, wannan takin tsoho ne. Na wancan lokacin ya wuce rijiya da ɗaya. Amma yau abin da nake da shi ke nan." Malam ya ce shi abin da idonsa ya gani zai rubuta, haka hukunci ya ce. Ya fara warware sarƙa. Sai kawai ka zauna a ƙasa, a wurin da ka tsaya, ka kama gwiwoyinka da hannu biyu. Ka ce, "Inuwa, ka yafe mini. Na tsufe maka da rijiya." Hawaye na bin gemunka. Mutumin da ya binne 'ya'ya uku ba a ga hawayensa ba.

Can sai Surajo ya yi gyaran murya, ya ce da malam ya dakata. Ya ce, "Ina nan ranar da aka taka. Ta bayan rumbu nake leƙe. Ya wuce rijiya da taki ɗaya, kamar yadda ya faɗa." Ya ce tsoro ya ji kada baƙo ya kewaye rijiyar da ubansa ya haƙa, iyalinsa su koma rafi. Na buɗe baki in yi masa tatas, sai na tuna tun ranar da na sayi gidan nake tara karan danga saboda haka ɗin, na rufe bakina. Wakilin alƙali ya karɓi maganarsa. Aka auna da sarƙa har bayan rijiya, aka rubuta cewa za a bar ƙofa a danga ta wajen gidan Surajo. Kai kuwa ka share fuska da bakin riga, ka dubi Surajo ka ce, "Allah Ya yi maka albarka da ka faɗa. Ya kuma yi maka albarka da ba ka faɗa da wuri ba, don da ban ci ƙafar sa ta shekara biyar ba." Har malamin awo sai da ya yi dariya.

Ya tafi da littafinsa, ya ce takarda ba za ta wuce wata ɗaya ba. Har yau ba ta zo ba, kuma na daina duban hanya.

Washegari ka aiko Maijidda ta gaya mini in daina wahalar da Safara'u, ƙafa ta gama aikinta. Ranar kasuwa ta zo, na tsinci kaina a gaban mahauci ban san lokacin da na je ba. Da na kai maka, ka buɗe akushi, ka daɗe kana kallonsa, sannan ka ɗago ka dube ni. Ka ce, "To, yau dai na san don ni aka dafa." Ka ci kaɗan, ka ce a rufe sauran. Shi ne na ƙarshe da na kai maka kana zaune.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hauwa, da Labaran, da Maijidda, da jikoki, da dagaci da dukan jama'ar gari, da Surajo, wanda muka kama makara tare, shi a hagu ni a dama. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Allah Ya ji ƙan Baba Ɗantani, Ya gafarta masa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya tabbatar da dugadugansa a kan siraɗi, Ya sa Aljanna ce makomarsa. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Baba, saura abu ɗaya in faɗa a gaban jama'a. Duk shekarun nan, bayan kowace salla, ƙafafunka nake roƙa wa lafiya, daga gwiwa zuwa ƙasa. Ban tuna na taɓa roƙa wa sauran jikinka komai ba. Ka yafe mini. Yau gaba ɗayanka nake roƙa wa rahama, kuma gaba ɗayanka nake kewa. Amin.